Turawa na sayen tsofaffin bidiyo, mu muna ba 'yan gwangwan namu

A daminar da ta wuce mahaifiyata ta buɗe adakarta a gidanmu na Tambuwal tana neman wata takarda, sai ga kaset ɗin bidiyo guda uku a ƙarƙashin zannuwa. Ɗaya an rubuta "bikin Kawu" da biro a jikinsa. An ɗauke shi kafin a haife ni, kuma Inna ta ce mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi jawabi a ciki. Ina shekara shida ya rasu. Fuskarsa ina da ita a hoto, amma muryarsa ta ɓace mini.

Sati biyu na yi ina neman na'urar bidiyo mai aiki. Wani abokina a Kebbe ya ce akwai a gidansu, na hau mashin na je, ashe tun bara aka ba 'yan gwangwan ita aka karɓi robar wanki. A Sakkwato na samu, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Da ya buɗe kaset ɗin ya nuna mini fari-fari a kan zaren, wato fumfuna. Muka samu kamar minti huɗu na hoto mai rawa, sannan allon ya koma yayyafi. Mahaifina ya fito a ciki, yana dariya, ya ɗaga hannu zai yi magana. Nan ya yanke.

Tun ranar nake karanta yadda wasu ke yi da irin wannan kaya, kuma abin da na gani ya ba ni haushi ƙwarai. A birnin Karlsruhe na Jamus akwai wata cibiya mai suna ZKM, gidan tarihin fasaha da kafafen sadarwa. Suna da ɗaki guda wanda aikinsa kawai tara tsofaffin na'urorin bidiyo, gyara su, da kwashe abin da ke cikin tsofaffin kasusuwa zuwa kwamfuta. Sun san kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016. Kowace na'ura ta mutu, ba ta da magaji.

Me suke ceto haka? Yawanci ayyukan masu fasahar da suka fara wasa da bidiyo. Babbansu Nam June Paik, ɗan Koriya, wanda a 1963 ya baje talabijin fiye da goma a birnin Wuppertal bayan ya hargitsa kayan cikinsu don hoton ya karkace. A 1965 ya ɗora ƙaton maganaɗisu a kan talabijin, hoton ya lanƙwashe, ya ce wannan ma zane ne. Gaskiya da farko dariya na yi. Amma a matsayina na mai rubuta manhaja akwai abin da ya kama ni: wannan aikin ba ya yiwuwa a kan falasma. Sai tsohuwar talabijin mai ƙeya, domin maganaɗisu yana jan hasken lantarkin da ke gudu cikin kwalbarta ne. Shi ya sa gidajen tarihi ke neman tsofaffin talabijin suna ajiyewa. Sun gane cewa fayil shi kaɗai ba ya isa, dole a rayar da abin da ke buɗe shi.

Haka suke yi da ɗab'i. A gidan tarihin Plantin-Moretus da ke Antwerp a Beljiyam akwai injinan buga littafi na katako guda biyu da ake ɗauka su ne mafi tsufa da suka rage a duniya, kuma UNESCO ta sa gidan cikin kayan tarihin duniya a 2005. A gidan tarihin Gutenberg na Mainz akwai ɗakin koyo inda 'yan makaranta ke jera haruffa da hannu, su shafa tawada, su buga takarda su tafi da ita gida.

Mu ma muna da namu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A Zariyar ne Bruce Onobrakpeya ya yi karatu, mutumin da zanen da yake sassaƙawa ya buga a takarda ya kai shi har gidajen tarihin Turai. Ko a kasuwanninmu, mai sassaƙa hatimi da reza a kan roba da mai buga rubutu a riguna ɗaliban wannan sana'a ne. Yaro nawa ne a cikinmu ya taɓa riƙe harafin dalma a hannunsa?

Na bidiyo ya fi damuna, domin shi ne ke mutuwa da sauri. Takarda tana iya shekara ɗari a adaka. Zaren kaset kuwa zafi da laima suna cinye shi, ga ƙura, kuma kun san abin da watan Afrilu ke yi wa ɗakin kwano a ƙasar Sakkwato. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake lissafawa a matsayin farkon finafinan bidiyo na Hausa. Daga shi zuwa zamanin Sangaya duk a kaset aka yi kasuwarsu. Ka ƙara da bukukuwa, hawan sallah, kokawa, wa'azin malamai, naɗin sarauta da masu kamara suka yi ta ɗauka a garuruwa irin namu. Wannan shi ne farkon bidiyonmu, kuma babu mai ba shi albashi don ya kula da shi.

Na san amsar da za a ba ni, domin abokina na Kebbe ya riga ya ba ni. Ya ce mutanen da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro a ƙauyukansu za ka ce wa su adana kaset? Yana da gaskiya, kuma ba na cewa a gina mana ZKM a Dogon Daji. Abin da aikin ke buƙata na'urar bidiyo ɗaya mai lafiya, ƙaramar na'urar kwafe mai shiga USB, da tsohuwar laftof. Duk shagon da ke tura finafinai a waya yana da rabin kayan. Muna da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato da ke adana rubuce-rubucen magabata. A ganina tebur ɗaya na kwafe kaset ya dace da wurin. Sharaɗi ɗaya nake da shi: bidiyon biki na iyali ne, akwai iyayenmu mata a ciki, a miƙa wa masu shi kayansu, kada wani ya zuba a TikTok don neman mabiya.

Kada mai waya ya ɗauka ya tsira. Ina bidiyoyin da ka ɗauka da Nokia a tsarin 3GP? Memori yana mutuwa ba sallama. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa inganci, sai dai in ka tura shi a matsayin takarda. Shafin YouTube ana iya rufe shi da duk abin da ke ciki. Ni yanzu duk abin da ba na son rasawa ina ajiye shi wuri biyu, ɗaya a faifan ajiya a gida, ɗaya a Google Drive mai ba da gigabayit 15 kyauta, kuma ina sa wa fayil suna da shekara da gari da sunan taron.

Sauran kasusuwan biyu suna wurin dattijon. Ya ce kada a sake kunna su sai ya goge zaren a hankali, in ba haka ba fumfunar za ta toshe kan na'urar ta yage abin da ya rage. Ya ce in dawo bayan sati uku.