Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗibar Samfurin Ruwa A Kamfanonin Fata Na Kano



Daga Batsari nake rubuto muku. Fatun awaki da tumakin da ake feɗewa a nan da Safana, da yawansu Kano suke ƙarewa, yaranmu ma can suke zuwa neman na kansu. Saboda haka ruwan da ke fita daga majemun Sharaɗa da Challawa da Bompai ya shafe mu. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi zuwa kogin Jakara, inda 'yan lambu ke kafa injin su shayar da latas da kabeji da karas. Tsakanin bututun kamfani da farantin mai cin wannan ganye, kwalbar da ke hannunku ce shaida.

Roƙona na farko shi ne ku kula da lokacin ɗiba. Ruwan majema ba iri ɗaya ba ne daga safe zuwa dare. Na jiƙo gishiri ne, na cire gashi farar ƙasa ce da salfaid, na jima kuma yana ɗauke da kuromiyam, shi ne shuɗi-shuɗin nan da kuke gani a lambatu. Wanda ya ɗiba bayan an wanke ƙasa, gangunan jima suna rufe, ruwan wanki ya auna. Ku riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan tsawon awa 24 ku haɗa, ko aƙalla ku tsaya sai an buɗe gangunan. Wurin ɗiba kuwa shi ne bakin mafita ta ƙarshe, inda ruwa ke barin katangar kamfani. In kun tarar an sako ruwan rijiyar burtsatse an sirka, ku rubuta a rahotonku, domin sirki ba ya rage yawan gubar da za ta kwanta a gona.

Na biyu, kwalba ma tana da haƙƙi. Zafin ruwa da ma'aunin pH nan take ake duba su a bakin lambatu, kuma abin da ake so pH ya tsaya tsakanin 6 da 9. Samfurin gwajin BOD, wato na iskar oksijin da dattin ruwa ke cinyewa, a sa shi cikin kula da ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji kafin awa 48, don ranar Kano tana sauya shi tun a hanya. Na ƙarafa irin su kuromiyam a ɗiga masa asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2. Na maiƙo a kwalbar gilashi ake zuba shi. Kowace kwalba a rubuta mata rana da sa'a da wuri da sunan wanda ya ɗiba, duk hannun da ta shiga kuma ya sa hannu a takarda.

Na uku, ku tsare rayukanku. Idan ruwan salfaid ya haɗu da mai asid, iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai take tashi, in ta yi yawa hanci ya daina jinta, ta kayar da mutum cikin rami. Kada ɗayanku ya shiga kwata shi kaɗai, kada kuma ya taɓa ruwan nan ba safar hannu.

An kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007, ta fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da masaƙu a 2009. Amma doka da lambar da kuka rubuta take aiki. Na san akwai matsi, mai kamfani yana gudun tara, ku kuma kuna da iyali. Duk da haka, ruwa ba ya tsami banza, kuma sakamakon gaskiya shi ke nuna wa kamfani inda matatarsa ta lalace tun gyara yana da sauƙi. In aka ce ku sauya lamba, ku ƙi, ku ajiye kwafin abin da kuka auna.

Allah ya ba ku ikon riƙe wannan amana, ya sa albarka a sana'arku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku daga Batsari