Albarkar Kaka a Tukunya Take

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, sai kasuwannin ƙasar Hausa su cika maƙil da kabewa da wake da gyaɗa da gurjiya da dankali da yakuwa. Duk tsawon shekara babu lokacin da abinci mai gina jiki yake araha kamar kaka. Abin takaici shi ne, magidanta da yawa sukan kwashe mafi kyawun amfanin gona su kai kasuwa, ɗan abin da ya rage kuma a rage masa amfani wajen dahuwa ko wajen shanya. Hausawa kuwa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

A ɗauki kabewa a matsayin misali. Launin cikinta alama ce ta wani sinadari da ake kira karotin, wanda jiki yake mayarwa bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke haddasa dundumi, wato kasa gani da almuru, kuma yana raunana jikin yara a gaban ƙyanda da gudawa. Hanta tana iya adana shi har tsawon watanni, saboda haka yaron da ya ci kabewa sosai da kaka ya yi wa kansa guzurin rani. Sai dai karotin ba ya shiga jiki yadda ya kamata idan babu maiƙo a cikin abincin. A nan ne hikimar miyar taushe take, domin ta haɗa kabewa da ganye da niƙaƙƙiyar gyaɗa, wadda kusan rabin nauyinta mai ne.

Haka abin yake game da wake, wanda Nijeriya da Nijar suka fi kowace ƙasa nomawa a duniya. Wajen kashi 24 cikin 100 na busasshen wake furotin ne, wato sinadarin da ke gina tsoka. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin wani ɓangare na furotin mai suna lisin, wake kuwa yana da shi da yawa. Idan aka haɗa su a kwano ɗaya, kamar a tuwo da miyar wake ko shinkafa da wake, sai kowanne ya cike gurbin ɗan'uwansa.

To, ina ake yin asarar? Da farko, kanwar da ake zubawa domin wake ya yi saurin nuna tana lalata bitamin B1. Jiƙa shi tun da dare ya fi. Na biyu, ganyen da aka bari yana tafasa na tsawon lokaci yakan rasa bitamin C, alhali wannan bitamin ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai hana ƙarancin jini. Kamata ya yi a sa ganye daf da sauke tukunya. Na uku, shanya ganye a tsakiyar rana yana ƙone karotin. A inuwa mai iska ya dace a shanya shi.

Gyaɗa ita ma tana da nata sharaɗin. Idan aka adana ta da sauran laima, sai funfuna ta kama ta, ta haifar da guba mai suna aflatoksin. An gano wannan guba bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. Tana jawo sankarar hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. Maganin abin shi ne a busar da gyaɗa sosai, a tsince masu funfuna a zubar.

Wani zai ce talauci ne ke tilasta wa manomi sayar da kayansa, kuma gaskiya ne. Amma babu ɗaya daga cikin gyare-gyaren nan da ke bukatar ko kwabo. Ya rage ga malaman kimiyya da na aikin gona su fitar da wannan darasi daga kan allo su kai shi madafa, su sa ɗalibai su bincika abin da ake dafawa a gidajensu da kaka. Ɗalibin da ya shawo kan mahaifinsa ya ajiye 'yan kabewa da tiyar wake domin ƙannensa, ya yi amfani da iliminsa tun kafin ranar jarrabawa.