Daga Bakin Rumfa: Ɓeran Ɗakin Gwaji da Hantar Ɗan Kasuwa

 Kwanakin nan saƙonni sun cika WhatsApp, wai masana sun tabbatar zogale da soɓo da kurkur suna wanke guba daga hanta. Ni ma ina sayar da waɗannan kaya, ciniki kuma nake so. Amma gara mu san abin da masanan suka yi tukuna.

Ga yadda gwajin yake tafiya. A raba ɓeraye rukuni-rukuni. Wasu a ba su sinadarin da ke ƙona hanta, kamar farasitamol mai yawan gaske. Wasu a haɗa musu gubar da tataccen ruwan ganye. Bayan kwanaki a ɗebi jininsu a auna sinadaran ALT da AST, waɗanda kan ƙaru idan hanta ta ji rauni. Sau da dama waɗanda suka sha ganyen raunin nasu yakan zo da sauƙi, domin ganyen na ɗauke da antioksidan, wato sinadaran da ke rage lalacewar ƙwayoyin jiki, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa.

To ina gizo ke saƙar? Na farko, a yawancin gwaje-gwajen tun kafin gubar ake fara ba ɓeran ganyen, mu kuwa sai ta faru muke neman magani. Na biyu, abin da ake ba shi tatacce ne, an auna daidai nauyinsa, ba kofin soɓon buɗa-baki ba. Na uku, ɓera ba mutum ba ne. Magunguna da yawa sun yi aiki a jikin dabba, da aka zo kan mutum suka gaza. Likitoci a Italiya da Amurka ma sun samu mutanen da ƙwayoyin kurkur masu ƙarfi suka jikkata musu hanta.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne fiya-fiya. Wani ya zuba wa wake, wani ya fesa a shago ya rufe ƙofa ya kwana ciki, yana cewa ai yana shan zogale. Saboda ragowar wannan sinadari Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. A Zamfara kuwa, a 2010, gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Abin da ya ceci sauran shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa da maganin asibiti mai fitar da dalma daga jini.

Shawarata, a adana wake a buhun PICS mai ninki uku, rashin iska kaɗai ke kashe ƙwarin. Uwargida, kada a juye maganin ƙwari a robar lemo, yaro ba ya bambancewa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa shi amai. A cire masa tufafin, a wanke jiki da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. Wanda ya sha farasitamol fiye da kima akwai makarinsa, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Mu ci gaba da cin kwaɗon zogale da shan soɓo, abinci ne masu albarka. Amma in mai saye ya tambaye ka ko yana maganin guba, ka gaya masa gaskiya. Riba kaɗan da amana ta fi mai yawa da alhaki. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.