Mai ciwon kafaɗa, a rage nauyi, kada a bar motsi

Tun da aka fara kokowar takobin ƙasa a Tahoua a 1975, samarinmu da yawa sun duƙufa wajen horon jiki. Suna ɗaga ƙarfe, suna cicciɓa buhun rairayi. Amma idan kafaɗa ta goce ko ta yi targaɗe, sai mu ga kuskure iri biyu. Wani ya naɗe hannu wata da watanni har gaɓar ta sandare. Wani kuma ya sha tramol, ya koma fili bayan kwana 3. A ganinmu, duka biyun ɓarna ne.

Kafaɗa ta fi kowace gaɓa ta jiki juyawa, domin ramin da kan ƙashin yake zaune ba shi da zurfi. Tsokoki 4 ne suke riƙe da shi. Idan suka ji rauni, suna bukatar lokaci, suna kuma bukatar motsi kaɗan-kaɗan. Ƙwaya tana ɓoye zafi ne kawai, ba ta ɗinke abin da ya yage.

Da farko a je gidan likita. Idan hannu ya mutu, ko ya ƙi ɗaguwa, ko siffar kafaɗa ta sauya, kada a bari aboki ya ja ta da ƙarfi. Bayan an mayar da ƙashi, akan rataye hannu na ɗan lokaci, gwargwadon umurnin lokotoro.

Daga nan sai a bi mataki-mataki. Na ɗaya: a sunkuya, a dafa turmi da hannu mai lafiya, a bar mai ciwon yana lilo a hankali. Na biyu: a manna gwiwar hannu a haƙarƙari, a tura bango da bayan hannu ba tare da motsi ba, a ƙidaya 5, a saki. Na uku: a ɗaura robar cikin tayar keke a jikin icce, a riƙa ja sannu-sannu. Na huɗu: a ɗauki kwalbar ruwa ta lita 1, wato kilo 1, ana ƙarawa mako-mako. Ɗaga kaya sama da kai shi ne na ƙarshe.

Ga ma'auni mai sauƙi: idan zafi ya kwana har washegari, an wuce gona da iri, a koma matakin baya. A tsawon wannan lokaci ƙafafu da ƙugu ba su da laifi. A yi tafiya, a yi tsugunne da tashi, ƙarfi ba zai zube ba.

Kafaɗar da ta goce takan ɗauki wata 3 ko fiye kafin ta jure kokowa, kuma ta saurayi ta fi saurin sake gocewa. Wannan gargaɗi ya shafi manomi mai hauya, da mai jan guga, da uwargida mai daka. Wanda ya yi gaggawa da rani, yana iya rasa hannun noma da damana, iyali su rasa hatsi a rumbu.

Saboda haka muna kira ga masu horar da ƴan kokowa da iyaye: kada ku kira mai jinya rago. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya.