Kwanon Tuwon Gurugu da Zargin da Muke Yi a Zango

Da wuya ka zauna majalisa a Zangon Tamale, a ambaci ma'aikatan coci da ke haƙa rijiya ko raba magani, ba ka ji wani dattijo ya ce ruwa ba ya tsami banza ba. Ma'anarsa a fili take: kyautar Kirista ƙugiya ce, tuwon kuma tana ce da aka maƙala mata. Ban raina wannan magana ba, domin tana da tushe. An sha ganin masu wa'azin da ba sa miƙa ƙwayar magani sai sun ga mara lafiya zaune kan bencin majami'a. Amma ina ganin mun mayar da zargin nan bargo, muna lulluɓe kowa da shi, har da wanda ya fi ƙarfin zargi, kuma da shi muke rufe idonmu daga abin da ya kamata ya ba mu kunya.

Ku ɗauki marigayi Dakta David Abdulai. Ɗan Tamale ne, an haife shi a 1951 a gidan Musulmi matalauta, mahaifinsa kuturu ne. Daga baya ya shiga ɗariƙar Katolika, ya yi karatun likita, ya riƙe aikin gwamnati. Sai ya ajiye albashi, a 1991 ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu, a 1999 ya ƙara na biyu a Wamale. Ba a karɓar ko kwabo. Tun 1992 ma'aikatansa ke dafa abinci kullum, su ɗora a mota, su bi tituna suna neman masu taɓin hankali da ke kwana a gindin itace da bakin kwata. Saboda haka mutanen gari suka riƙa kiransa mahaukacin likita. Wasu da izgili suke faɗa, wasu da ƙauna.

A nan zargin ƙugiya ya karye. Wa zai farauci wanda hankalinsa ya gushe don ya ƙara yawan mabiya? Mutumin da ba ya tuna sunansa ba zai yi baftisma ba, ba zai ba da baiko ran Lahadi ba, ba zai ma ce na gode ba. Ciyar da shi shekara ashirin da huɗu, har ranar 2 ga Oktoba 2016 da likitan ya rasu, ba dabarar kamun kifi ba ce. Galibin waɗanda suka kwanta a gadajen Gurugu Musulmi ne, da addininsu suka shiga, da shi suka fita.

Ba ina cewa Kiristoci sun daina son a bi addininsu ba. Suna so, kamar yadda muke so a bi namu, kuma ba su ɓoye ba. Suna ma kiran aikin renon sabon mai bi almajirantarwa, domin tun fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta 1932 almajirai ake kiran mabiyan Annabi Isa, kalmar da muke kiran yaranmu na makarantar allo da ita. Abin da za a tambayi kowane fasto ko sista da ya shigo unguwa shi ne: in na ƙi wa'azinka, za ka ɗauke kwanon? In ya ce a'a, kuma aikinsa ya gaskata bakinsa, to maƙwabci ne, haƙƙin maƙwabtaka ya hau kanmu. In ya ɗauke, mu faɗa masa gaskiya ido da ido, ba sai mun yi ta gunaguni a bayansa ba.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan. Baƙi ne kakanninmu, fataken goro da suka bi hanyar Salaga, Dagombawa suka ba su wurin zama ba tare da sun ce su bar harshensu ba. Wanda aka yi wa masauki bai kamata ya zama sarkin zargin baƙo ba.

Sai abin da ya fi yi mini ciwo. Mahaukatan da motar Shekhinah ke nema, a ƙofar shagunanmu na Aboabo suke yini, ta gabansu muke wucewa zuwa Juma'a. Muna da zakka, muna da sadaka, muna da mata masu dafa wa ɗaruruwa a kowane suna da biki. Azumi ya zo mu cika masallatai da koko da ƙosai, Shawwal ya kama tukunya ta huce. Yunwar mahaukaci kuwa ba ta duban wata.

Asibitin bai rufe ba bayan rasuwar mai shi, kuma da gudummawar jama'a yake tafiya. Ina roƙon limamanmu da sarakunan Zango su tayar da maganar a zamansu na gaba: ko dai kowane masallacin Juma'a ya ɗauki nauyin buhun masara a wata a kai Gurugu, ko kuwa mu ɗora tamu tukunyar, mu raba unguwannin da su.