Nasiha Ga Masu Haɗa Bidiyo a Gaban Jama'a

'Yan'uwana ma'abota wannan sana'a,

Na ga ya wajaba in rubuto muku, domin na sha ganin gwani, wanda ba a shakkar basirarsa, ya ji kunya a daidai lokacin da makaɗa suka ɗauki kiɗa, idanun jama'a kuma suka koma kan allo, alhali babu abin da ya kā da shi face ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Sharaɗi na farko, ku mai da hotunanku zuwa sigar da manhajarku take so tun a gida: DXV ga mai aiki da Resolume, HAP ga mai VDMX ko TouchDesigner. Dalili kuwa, sigar H.264 ba ta ajiye kowane hoto cikakke, sai ta jingina shi ga maƙwabtansa, saboda haka idan kuka tsallaka gaba, ko kuka juya shi baya, ko kuka ɗora huɗu bisa juna, sai kwamfuta ta galabaita, hoto ya riƙa sarƙewa. Ku daidaita girmansu duka, ku sa kyamara a kan hoto 25 ko 50 cikin daƙiƙa, gwargwadon bugun wutar lantarkin ƙasashenmu, don kada fitilu su riƙa ƙyaftawa a allo.

Na biyu, ku san hanyar da kowane hoto yake bi. Tsakanin manhaja da manhaja a kwamfuta guda akwai Syphon ga Mac, da Spout ga Windows. Tsakanin kwamfutoci kuwa akwai NDI, wanda kamfanin NewTek ya bayyana a 2015, amma lalle ku bi da shi ta waya, gama Wi-Fi ɗin da ya yi muku biyayya da la'asar zai butulce muku da zarar zaure ya cika. In allo na nesa, SDI ya fi HDMI juriya.

Na uku, ku raɗa wa kowane layin hoto suna, ku keɓe ƙaramin allo na dubawa kafin fitarwa, ku ware maɓalli guda a na'urar MIDI wanda zai baƙanta allo nan take, sa'an nan ku tanadi UPS saboda tazarar da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta.

Bayan wannan duka sai ladabi, wanda shi ne ginshiƙi. Hoto hadimin sauti ne, yana tashi in kiɗa ya tashi, yana lafawa in ya lafa, kuma layi uku da aka sarrafa da hikima sun ishi dare guda. Fuskokin mutane kuma amana ce a hannunku. Kada ku ɗora baiwar Allah a babban allo tana cikin cin abinci, ko dattijo yana gyangyaɗi, domin wanda aka ba ikon nuna jama'a ga jama'a, haƙiƙa za a tambaye shi abin da ya nuna.

Allah ya sa albarka a sana'arku. Wassalamu.

Naku,
Ɗan'uwanku a sana'a