Zaren da ya zaɓa mana sinki

A gidajen da muka taso, wanke-wanke aikin tsakar gida ne. Ana zama a kujera 'yar tsugune kusa da makwarara, ga bahon kumfa, ga na ɗauraya, ga toka da soso don gindin tukunya. Fili bai taɓa yin kaɗan ba. Ko tukunyar biki ce, sai a kwantar da ita a shiga kankare ƙanzo. Da famfo ya shiga kicin, duk wannan aiki ya koma cikin ɗan kwamin ƙarfen da ake kira sinki, wanda yawancinsa faranti da kofuna aka auna wajen ƙera shi, ba tukunyar tuwo ba.

Shekarar da muka yi wa gidanmu kwaskwarima a Kano, ranar da zan shiga Ƙofar Ruwa sayen kayan famfo, uwargida ta miƙo mini zare mai ƙulli biyu. Ta ce, "Malam, ƙullin farko faɗin tukunyar tuwo ne, na biyu tsayinta. Duk sinkin da ba za ta zauna a cikinsa ba, don Allah a bar musu kayansu."

Zaren nan ya kore yawancin abin da na gani a shaguna. Wanda aka fi baje wa mai saye shi ne mai baki biyu, kuma yana da kyau a ido, sai dai raba shi da aka yi ya sa kowane ɓangare ya zama ƙarami. Tukunya takan tsaya a karkace, rabi a ciki rabi a waje, ruwan da aka jiƙa ƙanzo da shi ya riƙa zuba a ƙasa. Mun ɗauki mai baki ɗaya, mai faɗi, zurfinsa kamar santimita 22. Mai zurfin da ya wuce 25 yana sa mai wanke-wanke sunkuyo, domin kantar kicin akasari santimita 90 ake yi mata daga ƙasa, duk abin da aka ƙara wa zurfi kuwa bayan mutum ne ke biya. Na sha ganin magidanta sun kashe kuɗi mai yawa a kicin ba tare da sun tambayi wadda za ta tsaya a wurin safe da dare ba. Ina ganin wannan rashin adalci ne, ko da ba da gangan aka yi shi ba. Ita ta san nauyin tukunyarta, ita ta san inda ƙugunta ke ciwo, ra'ayinta ya kamata ya riga na mai shago da na mai gyaran famfo.

Sai batun ƙarfe. Duk sinki sabo yana ƙyalli, amma ba duka ne ɗaya ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya haɗa a garin Sheffield na Ingila a 1913, sirrinsa sinadarin kuromiyam ne, mai yi wa ƙarfen wata siririyar kariya da ido ba ya gani. Samfurin da ake kira 304 yana ɗauke da kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, shi ne ke jure ruwa da gishiri. Samfurin 201 an rage masa nikel an cike da manganis, ya fi araha, ya kuma fi saurin yin ɗigo-ɗigon tsatsa. Wasu kan gwada da mayen ƙarfe, su ce in bai kama ba mai kyau ne. Gwajin yana tona wasu samfuran, amma 201 ma ba ya kamawa, don haka a duba lambar da aka buga a jiki ko a kwali. Kauri kuma da yatsa ake jin sa: mai milimita 1.2 ba ya lotsawa in an danna gindinsa, mara kauri kuwa ƙara yake kamar garwa in ruwa ya sauka.

Ko mai kyan ma yana da abokan gaba. Soson ƙarfe yakan bar ɓurɓushi a jikinsa su yi tsatsa, bilic kuma in ya kwana a ciki yana cin kariyar nan.

Abin da mai gyaran famfonmu ya fi dagewa a kai yana ƙarƙashin kanta, inda baƙo ba ya leƙawa. Akwai lanƙwasasshen bututun da ke riƙe ɗan ruwa a kullum don tare warin sokawe. In aka yi tsimi aka sa miƙaƙƙe, kicin ba zai rabu da ɗoyi ba. Ya ce mini, "Alhaji, manja da kitsen miya a nan suke daskarewa, a bar mini wurin da hannu zai shiga." Shi ya sa muka bar ƙofar kabad ɗin mai faɗi, muka sa matacin da ke tare ƙwayar shinkafa da ɓawon albasa, muka kuma zaɓi kan famfo mai dogon wuya da ke juyawa gefe. Ya hana a yanka dutsen kanta sai da sinkin ya iso gida aka ɗora shi aka zana, domin ramin da aka yanka ya yi faɗi ba ya komawa.